Bakin Hajo Ya Karkace

"Salamu alaikum! Ina amaryata? Ko ta bi wani tun ban iso ba?"

"Amin, alaika salamu. Koma inda ka fito, liman ya raba aurenmu tun jiya."

Muryar ta fito daga ɗaki a dunƙule, kamar ta mai magana da tuwo a baki. Tun da hantsi Sharfaddeen ya baro shagonsa na Kpébié can Parakou, ya sha hanya har Djougou, don kawai ya ga kakarsa Hajo, tsohuwar da ta shekara arba'in tana kasa goro a ƙofar gidan nan. Ya tarar da ita zaune kan tabarma, ta ja mayafi har gindin idanu.

"Wannan lulluɓin fa? Sabon ango kika yi?"

"Na yi. Mai mota ne, ba irinka mai zuwa da ƙura a gira ba."

"To buɗe in ga abin da ya saya. In an cuce shi in faɗa masa."

"Kai ka isa? Na wanke ka tsirara, ba ka da abin da za ka faɗa wa kowa."

Ya zauna bakin tabarmar, dariyar da ya ɗauko ta ƙi fitowa. Mako uku ke nan da ta kira shi da safe, shi ta fara kira kafin 'ya'yanta, ta ce, "Maigida, bakina ya karkace." Su biyun kuwa tun yana ɗan shekara huɗu ba su taɓa faɗa wa juna gaskiya ba. Ta sha ce masa ta mutu, ya zo ya ci gumba. Shi ma ya sha ce mata ya sayar da ita ga wani maharbin Partago. Sai ya ce mata ai gulma ce ta ja bakin gefe, ya yi dariyarsa, ya kashe waya. Mutanen gida kuma suka ce iska ce ta mare ta a bayan ɗaki, aka yi ta turare da shafe-shafe. Sai shekaranjiya gwaggonsa Rakia ta turo masa hoto.

"Hajo, na kai hotonki wurin lokotoro, wani likita a Parakou."

"Ka kai ni talla ke nan. Nawa ya taya?"

"Ya ce kaya sun tsufa, amma za su gyaru. Ya ce in kawo ki ya duba da idonsa. Kafin nan ga takarda, motsa fuska za ki riƙa yi safe da yamma."

Ya warware takardar. Zanen kawuna ne reras: wani ya hura kumatu, wani ya ɗaga haɓa sama yana miƙa wuya, wani ya turo leɓe gaba.

Ta leƙa da ido ɗaya. "Danginku na wajen uwa ne? Ga kawunka nan na tsakiya."

"Ke ce za ki yi haka."

"Ni? In turo baki kamar akuya ta ga dusa? Da jikokina? Gara in mutu da shi a karkace."

"In kika mutu haka, mai wankan gawa za ta ce harararta kike yi."

"Ta ce mana. Da ma ba ma shiri."

"To ni fa ba na zama da mace mai zubar da koko ta gefen baki. Lokotoro ya ce kowace rana da aka ƙara, gyaran yana ƙara wuya. Ya ce da a kwanakin farko aka zo…"

Bai so maganar ta kai nan ba.

"Da a kwanakin farko," in ji Hajo a hankali. "Ai na kira wani a kwanan farko."

"Kin kira."

"Ya ce gulma ce."

"Ya ce."

"To ni ma da laifina. Na yi maka ƙaryar mutuwa ta fi sau ashirin. Ran da na zo da gaskiya, ban san da wace murya ake faɗa maka ita ba."

Ya sunkuyar da kai yana murza gefen takardar. Can ya share ido da bayan hannu, ya ce ƙurar hanya ce.

"Ƙarya kake, rago. Mijin da ke kuka gaban matarsa!"

"To tunda ke tsoro kike ji, bari namiji ya nuna miki."

Ya gyara zama, ya ɗaga haɓa sama, ya miƙa wuya har jijiyoyi suka fito, ya turo leɓe yana sumbatar silin. Ya sauko ya hura kumatu tim, idanu waje.

"La ilaha! Rakia, zo ki ga zabo ya haɗiyi kwaɗo!"

"Haka ake yi. Ke ba za ki iya ba, kin tsufa."

"Wa ya tsufa?"

"Ke. Kumatunki sun zama tsohon buhu, ba sa riƙe iska. Zan faɗa wa lokotoro ya bari kawai."

Hajo ta fizge mayafin. Ya ga fuskar ido da ido a karo na farko: gefen hagu ya zube, idon bai rufuwa sosai. Bai kau da kai ba. Ta ja numfashi ta hura. Kumatun dama ya cika, na hagu ya saki iskar da wani sauti, fiii, kamar tayar keke.

Suka dubi juna. Sai ta fashe da dariya da rabin baki, har tana dafe da ƙirji.

"Sake, amarya. Sau goma aka ce."

"Kai dai Allah ya shirye ka. Ka ci ni yau." Ta miƙa masa hannu. "Tashe ni, mijin banza. Rakia, ɗaure min zannuwa uku. Amma wallahi in muka je Parakou, a gaban lokotoron nan sai ka sake yin na zabon."