Azumin da Na Karya a Gaban Surukaina

Ko zan manta komai a duniya, ba zan taɓa mantawa da ranar walimar tarewar Alhaji Usmanu a sabon gidansa na unguwar Barunde a Gombe ba. Har yau in abin ya faɗo min a rai, ko ni kaɗai ne a ɗaki sai na rufe fuska.

Bari na fara gaya muku ko ni wane ne. Ina da ɗan shago a unguwar Manawashi da na liƙe bangonsa da soso don kada sauti ya riƙa dawowa. A nan nake ɗaukar shirin hira na fodkas, kuma ina zuwa tarurruka in haska su kai tsaye a intanet. Ni furodusa nake kiran kaina. Mutanen gari kuwa "mai hoto" suke ce min, kuma wallahi ba abin da ke ƙona min rai kamar wannan sunan.

To a lokacin ina neman auren Asma'u, 'yar Alhaji Usmanu. Shi Alhaji Bafulatanin Gombe ne na asali, a unguwar Madaki aka haife shi, ya yi aikin gwamnati har ya yi ritaya. A wurinsa, in ba ka da ofis da teburi to zaman kashe wando kake yi. Duk lokacin da aka yi masa maganar in turo magabatana sai ya ce a dakata tukuna, yana so ya gane sana'ar yaron. Saboda haka da Asma'u ta gaya min yayanta Bello da ke karatu a ƙasar waje ba zai samu zuwa walimar ba, haka ma 'yan uwansu na Yola, sai na ce ta bar min komai. Na ce zan kai musu walimar har cikin wayoyinsu, Alhaji ya gani da idonsa ko sana'a ce ko wasa.

Shiri kam na yi shi, ba yabon kai ba. Tun ana gobe na je na duba inda rana za ta faɗo, na gwada sabis a kowane lungu na gidan, na tanadi layi biyu ko da ɗaya zai ba ni kunya. Na kafa kamara ɗaya tana kallon inda malam zai zauna, ɗaya tana kallon baƙi. Na sa talabijin a ƙarƙashin rumfa saboda na baya, na sa wani a falo saboda mata su kalla daga ciki. Ni kuma na ja teburi da kwamfutata na shige gareji, na sa masa suna ɗakin sarrafawa (taya biyu ne a ciki da buhun siminti, amma suna ai kyauta ne).

Abin da na fi taƙama da shi shi ne tsarin da nake amfani da shi a fodkas. Kowace kamara da makirfonta, wanda duk ya fi jin sauti, hoton kamararsa ne zai fito da kansa ba sai na taɓa komai ba. Har na tsaya ina yi wa dattawa bayani ina karkata hula. Abin da ban tuna ba shi ne, a shagona akwai kamara ta uku cikin wannan tsarin, wato ta jikin kwamfutar, wadda ke ɗaukata in ina gabatar da shiri. Ban cire ta ba. Tana nan tana kallona, ta yi shiru ne kawai saboda muryar waje ta fi tawa ƙarfi.

Ranar walima tun da sassafe nake jan waya da ɗaukar kaya, ko ruwan shayi ban sa a cikina ba. Gab da a fara sai ga Goggo Dije, yayar Alhaji, ta tare ni a tsakar gida ta ce sai na ci abinci. Kun dai san al'ada, mutum ba ya cin abinci a gaban surukai, balle surukai Fulani da ke auna kunyarka tun daga yadda ka cire takalmi. Na ce na ƙoshi. Ta ce ba ta yarda ba. Na ce na ci a gida. Ta ce bakina a bushe yake, ita ba yarinya ba ce. Ga Alhaji tsaye kusa da mu yana ji. Ban san lokacin da bakina ya ce, "Azumi nake yi, Goggo," ba.

Ranar Asabar fa! Ba Litinin ba, ba Alhamis ba. Amma Alhaji ya juyo ya dube ni, irin duban da bai taɓa yi min ba, ya ce Masha Allah. Goggo kuwa kafin a buɗe taro da addu'a ta gama zagaye falo da labarin cewa yaron Asma'u mai ibada ne. Can sai ga ta har gareji da kwano rufe da faifai, ta ce in tafi da shi gida in sha ruwa. Ta ajiye shi a kan teburina, daidai hancina.

Aka fara walima, komai yana tafiya kamar yadda na tsara. Hoto tas, murya tas, 'yan Yola suna ta rubuto gaisuwa a ƙasan bidiyo. Ni kuma ƙamshi ya hana ni sakat. Na ɗaga faifan don in gani kawai. Masa ce mai taushi, an malala mata miyar taushe, ga wani ƙashin saniya kwance a tsakiya cike da ɓargo. Na mayar da faifan na rufe. Na sake buɗewa. Na ce wa kaina ai ban ɗaura niyya ba, tsakanina da Allah babu wani azumi, kuma ƙofar gareji a rufe take. Na cire abin jin sauti daga kunnena, na tura hula ƙeya, na naɗe hannun riga.

Niyyata masa ɗaya ce. Ba zan gaya muku nawa na ci ba, kwanon dai ya fara nuna gindinsa. Sai na zo kan ƙashi. Na tsotsa, ɓargo ya ƙi fitowa. Na juya ɗaya bakin na tsotsa, ya ƙi. Raina ya ɓaci (ni fa haka nake, ba na son abu ya raina ni), na kama buga shi a gefen kwano, ƙwan, ƙwan, ƙwan, in buga in kai baki in ja da ƙarfi, idona a rufe don daɗi.

Ashe a daidai lokacin ne malam ya ce kowa ya ɗaga hannu a karanta Fatiha a zuci. Gida ya yi tsit. Makirfon malam bai ji komai ba, na baƙi bai ji komai ba. A duk faɗin gidan nan sauti ɗaya ne ya rage, kuma na'urata mai biyayya ta yi aikin da na koya mata.

Na ji dariya ta tashi daga falo, na ce a raina malamin nan akwai barkwanci. Wayata ta kama rawa a aljihu, na ƙyale ta saboda hannuna duk mai ne. Sai da ɓargon ya faɗo bakina na buɗe ido, na ga wani mutum ya cika fuskar kwamfuta, hula a ƙeya, miya har gemu, ƙashi a hannu. Wallahi abin da ya fara zuwa min shi ne, wane mayunwacin ne ya shigo min cikin shiri? Sannan na gane rigar. A ƙasan hoton kuma ga saƙon Yaya Bello daga can ƙasar waje: "A sha ruwa lafiya, malam mai azumi."

Na kai yatsa zan canja kamara, yatsan ya zame saboda maiƙo. Na kama salati da ƙarfi, wanda hakan ya ƙara tabbatar wa na'urar cewa ni ne mai magana, ta ƙi sakina. Da na rasa dabara sai na fizgi faifan Goggo na kife a kan kamarar. Haka mutanen Yola da na ƙasar waje suka shafa Fatiha suna kallon faifai, har malam ya ci gaba da magana hoton ya koma kansa.

Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na shige na ja ta na rufe. Amma kaya nawa ne, dole na fito na naɗe wayoyina a gaban kowa. Dattawan nan kowa ya kawar da kai kamar bai gan ni ba. Wani tsoho ne kawai ya riƙe hannuna ya tambaye ni a hankali ko ɓargon ya fito daga ƙarshe, don shi hoton ya ɗauke bai ga yadda aka ƙare ba. Goggo Dije ta zo ta ɗauki kwanonta, ta leƙa ciki, ta dube ni, ta wuce. Asma'u ba ta ɗaga wayata ba ranar. Na koma gida na kwanta da tabbacin na rasa ta, kuma a kan ƙashi.

Bayan 'yan kwanaki Alhaji ya aiko in zo. Na je na durƙusa a bakin tabarma, kaina a ƙasa. Ya ce Bello ya kalli walima daga farko har ƙarshe hoto bai yanke ba. Ya ce shi kansa yana da wata inna a Yola da ta daɗe ba ta iya tashi, ta ji addu'ar da kunnenta har ta yi hawaye. Saboda haka ya yarda abin da nake yi aiki ne, ba wasa ba.

"Sai dai abu ɗaya," in ji shi. "Mu abin da muka karanta, wanda ya ɗauki azumin nafila ya karya da gangan, ramawa yake yi."

Na ɗago zan ce Baba ai gaskiyar magana babu wani azumi tun farko. Ya ɗaga min hannu.

"Ban tambaye ka ba. A gidana ka ce kana azumi, ni kuma ba na ba maƙaryaci 'yata. Je ka rama, sannan ka turo manyanka."

Fuskarsa ko gezau, amma na ga gemunsa yana ɗan motsi.

Na rama kuwa, a tsakiyar zafin Gombe, ranar da ko inuwa ba ta da sanyi. Ban taɓa yin azumin da na ji shi har cikin ƙashina kamar wannan ba, kuma ko da wasa ban kusanci tulu ba. Asma'u tana ɗakina yanzu, ta kuma hana ni goge bidiyon.

Ga masu irin sana'ata, kafin ku ƙirga kamarorin da ke kallon jama'a ku fara neman wadda ke kallonku. Ga masu zuwa gidan surukai kuma, ku ci ku ƙoshi tun daga gida. In kuma har ƙarya ta zama dole, kada ku yi ta da ibada, domin akwai dattijon da zai karɓe ta hannu bibbiyu, ya sa ku mayar da ita gaskiya da cikinku.