Karen Direba Ya Ƙi Abincin Buhu

"...lafiya lau, amma ba gaisuwa ce ta kawo ni ba," in ji Direba, ya dire buhu a kan teburin Mahauci har ƙudaje suka watse.

Su biyun taubasai ne, uwar Direba ƙanwar uban Mahauci ce, kuma tun suna yara ba wanda ya taɓa raga wa wani. Da doguwar tafiya ta kama Direba, sai ya bar wa Mahauci karensa Duna, tare da wannan buhu na busasshen abincin karnuka mai ƙwaya-ƙwaya. Ya dawo ya tarar ko ɗinkin buhun ba a farke ba, kare kuwa sai sheƙi yake kamar an shafe shi da mai.

"Bawana, yau kuma da buhun tsakuwa ka zo gaida ubangidanka?"

"Ubangidan wa? Kai da aka haifa don a samu mai riƙe mini takalmi! Me ka ba karena?"

"Abin da kakanninsa suka ci. Tumbi, huhu, wuyan kaza. Ɗanye sharaf."

"To ka cuce ni. In na zuba masa na buhu, sai ya shinshina, ya dube ni kamar na zagi uwarsa, ya juya mini baya."

"Allah sarki. Ashe a gidanku akwai mai hankali."

"Likitan dabbobi ne fa ya ce a ba shi wannan! Komai an haɗa a ciki, har bitamin."

"Ɗebi ka ci mu gani."

"Ni kare ne?"

"Ban faɗa ba, kada karnuka su kai ƙarata."

Direba ya cire hula ya share gumi.

"Kai, wannan ɗabi'ar taka ta goga wuƙa da wuƙa kafin ka yi yanka, ka jefa masa tsokar farko, ita ta lalata shi. Jiya surukaina sun zo, maiɗakina ta ɗauko wuƙa tana wasawa. Ƙyas-ƙyas, ƙyas-ƙyas, sai ga Duna ya tsinke igiya ya faɗo kicin. Ta ƙwalla ihu ta haye kujera, shi kuma ya suri cinyar rago ya yi waje. A gaban surukaina!"

Mahauci ya dafa gungumen sara yana dariya har da hawaye.

"Cinya ya zaɓa? Ni na koya masa! Kai shekara da shekaru kana zuwa nan, har yau jijiya nake sayar maka kana godiya."

"Yi dariyarka. Ta wanke kicin har rufi, ta ce ko ya koma cin na buhu, ko ya bar gidan kafin in sake tafiya. In ba na gari, wa zai tsare mini gida?"

"Abu mai sauƙi. Ka ba Duna motar, kai ka kwanta a bakin ƙofa. Haushinka ya fi nasa."

"Allah ya shirye ka, mai warin tumbi."

"Amin, mai warin gas."

Wata mata ta tsaya sayen nama. Mahauci ya ɗauki wuƙaƙensa ya goga su kamar kullum. Kafin ya sauke hannu, sai ga Duna ya ɓullo daga bayan rumfa da guntuwar igiya a wuya, ya zauna a gabansa yana kaɗa jela.

"Duna! Zo nan!" in ji Direba.

Ko kunne kare bai motsa ba.

"Duna, ni ne fa. Ni na tsince ka kana ɗan mitsitsi, a cikin hulata na kawo ka gida!"

Duna bai ko waiwayo ba. Direba ya sauko da buhunsa daga kan tebur, ya zauna a kai. Mahauci ya sallami matar, ya dube shi, ya yi tsaki.

"Tashi, kada ka yi mini kuka a gaban masu ciniki. Na ji, ni na ɓata shi." Ya jawo leda ya shiga zuba yanke-yanke. "Ka riƙa cakuɗa masa da tsakuwarka, kullum kana rage nama har ya saba. A waje za ka ba shi, da hannunka, don ya tuna waye ubansa. Ka wanke kwanon, ka wanke hannu. Ƙashin da aka dafa kuma kada ya gani, yana tsagewa a ciki."

"Wuƙar fa? Sai a daina girki a gidana?"

"Ka kwaso wuƙaƙen gidan duka, ni zan riƙa wasa su a nan. Ba zai sake jin ƙarar a kicin ba."

Direba ya karɓi ledar ya leƙa, ya daɗe yana kallo.

"Wannan ba hanta ba ce?"

"Ita ce."

"Anya hanta ba ta yi wa kare nauyi ba? Ina ganin gara a fara gwadawa a kan mutum."

Mahauci ya fashe da dariya, ya yanko wata ya ƙulle daban, ya cusa masa a aljihu.

"Ga taka nan, mayunwaci. Waccan kuwa ta Duna ce, kuma gobe da safe bakinku duka biyun zan shinshina."