Alif Ɗaya a Walimar Shagari

Ba zan taɓa mantawa ba da wata safiyar Alhamis a garin Shagari, ko da kuwa tsufa zai kai ni ga manta inda na ajiye hulata. Na sha roƙon Allah Ya rufa mini asirin wannan rana, to amma tunda mutum sama da ɗari ne suka shaida, gara ku ji daga bakina kafin ku ji daga bakin matata, domin ita tana ƙara gishiri.

Ni malamin yara ne a Bodinga. Da allo da tawada na tashi, kuma har yau idan zan rubuta wa kaina abin tunawa, da ajami nake yi, boko sai dole. Abin da ya jawo ni cikin wasan dabara kuwa, wani mai siddabaru ne da ya riƙa zuwa ranar kasuwa yana fitar da allura daga hanci, yana cewa aljanunsa ne suke ba shi. Yaran makarantarmu suka dawo suna rantsuwa da shi. Na yi wa'azi har muryata ta dushe, ba wanda ya saurare ni. Sai na ce to, bari in koyi abin da hannuna, in yi musu, sannan in buɗe musu yadda aka yi, su gane cewa saurin yatsa ne kawai.

Na koyi guda ɗaya, na dabino. In ɗora dabino a tafin hannu, in rufe, in hura, in buɗe babu komai, sai ga shi na ciro shi daga bayan kunnen wani yaro. (Wata biyu ina koyo a ɗaka. Dabinon da ya faɗi ƙasa a wannan lokaci ya isa a ɗaura aure da shi.) Yara suka so abin ƙwarai. Matsalar ɗaya ce: ban san yadda zan rufe wasan ba. Idan na ciro dabinon sai in tsaya ina murmushi, su kuma su zuba mini ido suna jiran ci gaba. Mai tatsuniya yana da abin da yake faɗa kowa ya watse, mai wa'azi yana da addu'a. Ni kuwa sai dai in ce, “To... ku tashi.” Sai su tashi jiki a sanyaye kamar an hana su abinci.

Na gwada hanyoyi. Ran farko na ba yaron da na ciro dabinon daga kunnensa ya cinye. Yara talatin da dabino ɗaya, sai da na raba faɗa. Wani mako na ce bari in rufe da abin mamaki, na ɗaga hulata sai ga albasa a kaina. Wata yarinya 'yar Danchadi ta dube ta ta ce, “Malam, wagga ai ta fara ruɓa. In kana so baba shi aiko maka da mai kyau.” Na manta cewa nuna wa ɗan Bodinga albasa ba abin mamaki ba ne. Na kuma gwada tattabara a cikin babbar riga, amma wannan ba zan yi bayaninsa ba. Rigar dai ba ta ƙara zuwa Juma'a ba.

Ana cikin haka labari ya kai Shagari, wurin surukina, mahaifin matata. Kowa a unguwarsu Malam Babba yake ce masa. Shi ya karantar da ni, shi ya ba ni 'yarsa, kuma shi ya sa baki iyayen yara suka amince mini na buɗe makaranta. Mutum ne da ban taɓa ganin haƙoransa ba sai wajen asuwaki. Ya aiko da saƙo gajere: an gaya masa ina yi wa 'ya'yan mutane sihiri. Ranar Alhamis akwai walimar saukar karatu ta ɗalibansa, in zo in yi abin a gabansa. Idan ya ga akwai hannun shaiɗan a ciki, to wasa ya tsaya, kuma zai sake duba maganar makarantar gaba ɗaya.

Na shiga damuwa. Wasan dabino ba ni da shakka a kansa, amma ina zan tsaya gaban Malam Babba ina murmushi ina cewa “to, ku tashi”? Ina zaune a tsakar gida ina wannan tunani, matata tana matse lemun tsami a kunu, sai ta ce, “Malam, kai da ka iya rubutu, mi ya hana ka rufe da rubutu? Muna yara mukan rubuta da ruwan lemu, ba a ganin komi sai an kai takarda kusa da wuta.”

Na gwada nan take. Na tsoma alƙalamin kara a ruwan lemu, na yi rubutu, ya bushe, takarda fara fat. Na kara ta a kan garwashi, sai ga baƙaƙe suna fitowa ja-ja, ɗaya bayan ɗaya, kamar wani ne yake rubutawa daga ciki. Wallahi ni kaina sai da tsigar jikina ta tashi.

Saura abin da za a rubuta. Na ce zan sa “tammat”, yadda magabata suke rufe littafi idan sun gama kwafe shi. Ta ce, “Yara ƙanana ina sunka san tammat? Rubuta musu da Hausa. Ka sa ‘ya ƙare’, kowa shi san an gama.” Na ga hikimar maganar. Takarda da kanta za ta sallami jama'a. Na gwada sau bakwai, sau bakwai tana fitowa tsaf. Har na fara jin tausayin mai siddabarun kasuwa.

Ranar Alhamis da safe, ni da ba ni da gaggawa a rayuwa, ranar na yi ta. Direban da zai kai mu Shagari yana ta danna oda a ƙofar gida, ni kuma sai a lokacin na tuna duk takardun da na rubuta na riga na gasa su wajen gwaji. Na yanki sabuwa, na tsoma alƙalami sau ɗaya, na zarga rubutu a tsaye, na hura, na cusa a aljihu. Ku lura, rubutun da ba a gani ba a iya duba shi. Wannan magana a fili take, amma ni sai da aikin gama ya gama na gane ta.

Mun isa an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidan Malam Babba, an kafa rumfa, an ɗauko hayar lasifika. Dattawa a gaba, har da waɗanda suka zo daga Dandin Mahe, yara a tsakiya, mata suna leƙe ta kan katanga. Masu sauka suka karanta allunansu, aka yi addu'a, aka raba waina. Sannan Malam Babba ya dube ni ya ce, “To, bisimilla. Gwada muna.”

Na fara da bayani cewa babu aljani babu tsafi, duk abin da za su gani zan buɗe shi. Na yi wasan dabino, ya tafi lafiya. Na ciro shi daga kunnen wani jikan Malam, yara suka yi sowa. Na nuna yadda nake maƙale shi tsakanin yatsu, dattawa suka gyaɗa kai. Malam Babba kuwa ya daina jan carbi, wanda a wurinsa babban yabo ne.

Da na tsaya a nan, na karanta takardata da kaina, da yanzu ba ku da labarin ji. Amma sowar yara ta hau mini kai. Na zaro takardar, na zagaya da ita kowa ya ga fara ce. Na sa mai shayin da ke gefen rumfa ya matso da kaskon garwashinsa. Sannan na karɓi lasifika, na gyara murya, na ce:

“Jama'a, takardar nan tana da magana a cikinta. Amma ba ta yi wa yaro magana, ba ta yi wa irina. Sai babban da ya fi kowa a wurin nan. Abin da za ta faɗa, Baba za ta faɗa wa.”

(Babu wanda ya sa ni. Wannan jawabi ba ya cikin gwajin da na yi sau bakwai.)

Na kara takardar a kan wuta ta fuskar da jama'a za su gani, ni ina kallon bayanta. Na ji an fara “La ila!” “Kai, ga shi nan yana hitowa!” Ko juyo ta ban yi ba. Na durƙusa, na miƙa wa Malam Babba da hannu biyu, na kuma kai masa lasifika daidai baki, don kada na bayan katanga su rasa rabonsu.

Ya sa tabarau. Ya matso da takardar, ya nisanta ta. Shi mutum ne da bai taɓa karanta abin da ba a rubuta ba, kuma bai taɓa tsallake abin da aka rubuta ba. Da muryarsa ta karatu, yana jan harafin farko yadda ya kamata, ya ce:

“Yaaa... kare.”

Lasifika ta kai maganar har bakin titi.

Ga abin da ya faru, don waɗanda ba su yi allo ba. Da yawanmu da kaf ɗaya muke rubuta “ka” da “ƙa”, mai karatu ne yake rarrabewa. Abin da ya raba “ƙare” na gamawa da “kare” mai haushi a takardata shi ne alif, tsinken layi ɗaya a tsaye bayan kaf, mai nuna a ja sauti. Ruwan lemun ya ƙare a bakin alƙalami daidai kan wannan alif, bai fito ba. Ita kuma “ya” da ke gaba, duk wanda ya tashi da karatu yana ganinta zai ɗauke ta ta kira, irin ta “ya jama'a”. Wato na tara mutane, na yi shela cewa ga saƙo na musamman ga surukina, malamina, sannan na sa shi ya kira kansa da bakinsa.

Mai shayi ya tsaya da buta a sama. Wani dattijo ya ce, “Inna lillahi.” Daga bayan katanga na ji wata dariya da aka toshe da mayafi, kuma na san mai ita, shekara goma sha shida muna tare.

Na ce, “Baba, Allah shi gafarta Malam, ‘ya ƙare’ ne! Wasa ya ƙare! Ƙare, ƙare!” Na manta lasifikar tana hannuna, sai ga ni ina ta nanata kalmar cikin rawar murya, kuma daga nesa ba a jin bambanci sosai.

Wani daga cikin mutanen Dandin Mahe ya ce, “Awo, Malam, yanzu kam ka ƙare.”

Nan rumfa ta fashe. Yara suna birgima a tabarma. Na karɓe takardar na mayar kan garwashi ina addu'a a zuci alif ya fito, ko da rabinsa ne. Gefenta ya fara hayaƙi. Malam Babba ya miƙo hannu ya ce, “Kawo ta nan, kada ka ƙone shaida.” Ya ninke ta ya sa a aljihu, ya tashi ya shige gida.

Ban iya cin waina ba. Bayan azahar aka ce yana kirana a zaure. Na shiga na zauna nesa, kaina a ƙasa, ina lissafin sana'ar da zan koma. Ya daɗe yana duban takardar, sannan ya ce, “Wa ya karantar da kai?”

Na ce, “Kai ne, Baba.”

“To kada ka hwaɗi ma kowa.” Ya ninke takardar. “Na kira ka in gani ko akwai aljannu cikin wanga abu. Na gani, babu. Aljani ba shi mance alif. Wagga ɓarna ta ɗan Adam ce tsantsa.”

Sai na ga kafaɗunsa suna motsi. Na ɗauka tari ne, har na yunƙura in kawo ruwa. Ashe dariya ce. Ya share ido da gefen rawani ya ce in ci gaba da wasana da makarantata, yara su san dabara dabara ce. Amma takarda ta zama tasa.

Na yi murna da wuri. Yau shekara uku ke nan, duk yaron da ya kai ga koyon jan sauti a makarantar Malam Babba, sai an ciro masa wannan takarda mai ƙonannen gefe, an nuna masa gurbin da babu komai, an gaya masa wanda ya rubuta da garin da yake. Idan na sauka mota a Shagari, yaran da ban taɓa gani ba sukan durƙusa su gaishe ni cikin ladabi, in na wuce kaɗan in ji ɗaya yana raɗa wa ɗaya, “Shi ne Malam Ba-Alif.”

Darasin da na ɗauka ba mai zurfi ba ne. Duk abin da ka rubuta ba ka gani, ka fara karanta shi kai kaɗai a bayan ɗaki. In kuwa dole sai wani ya karanta a gaban jama'a, to ka nemi wanda ba 'yarsa kake aure ba, kuma ka bar lasifika inda ka same ta.