Kunnen Inna Bai Suma Ba

Ko zan manta komai, ba zan taɓa mantawa da jinyar surukata ba, a shekarar da damina ta yi gardama gero ya bushe a tsaye. Mazan ƙauyenmu duk sun tafi kasuwar Dawanau dako, har da maigidana, aka bar mu da rumbu wayam. Ana cikin haka Inna, mahaifiyarsa, ta yanke jiki ta faɗi a bakin murhu. Ba motsi, ba magana, sai numfashi. Malamin asibiti ya ɗaga fatar idonta ya ce, "Ba ta cikin hayyacinta, ba ta san inda take ba. Sai addu'a."

Ni aka ɗora wa zaman jinya. Ni kuwa da kunya aka san ni a gidan nan. Ban taɓa cin ko gyaɗa a gaban Inna ba, sunan ɗanta kuwa ko da wasa ban taɓa furtawa ba. (Ita ma ba ta faɗa, ɗan fari ne, "wancan" take ce masa.) Har misali ake yi da ni a unguwa, kuma wallahi ina jin daɗin hakan.

To amma zama da mutumin da ba ya nan yana sa tunani. Sai in ƙura mata ido (a nan na fara sanin tana da tabo a haɓa) ina tambayar kaina: jiki ga shi, to ita tana ina? Barci ne? Ai mai barci in an tsikare shi yana motsi. Na tsikare ta, shiru. Na kara mata daddawa a hanci, shiru. Na ce, "Inna, akuyarki ta shiga gonar mutane!" Matar da ba ta haɗa akuyar nan da kowa ba, ko gezau. Sai na yanke hukunci cewa gida ne kawai, mai shi ta fita.

Daga nan fa na saki jiki. Ɗan kunun da ake damawa dominta, in na ɗiga mata abin da zai wuce, sai in kafa kai in shanye sauran, har da lashe ludayi. Yunwar shekarar nan ba kanwar lasa ba ce. In miƙe ƙafa in yi ta zuba: "Inna, Haruna fa minshari gare shi kamar injin niƙa. Haruna bai aiko ba, tsoro nake ji. Anya Haruna yana samun abinci kuwa?" Sunan da na daɗe ina riƙewa, na yi ta juya shi a baki kamar alewa.

Ranar da ta farfaɗo, ɗaki ya cika maƙil, har maigida shi kansa ya dawo. Ƙanwarta Gwaggo Ladi ta ce, "Yaya, kin san abin da ake ciki kuwa?"

Inna ta ce, "Ido ba ya gani, jiki ba nawa ba, kamar ina ƙasan rijiya. Amma kunne yana nan."

Sai ta ci gaba:

"Na ji an yi wa akuyata sharri. Na ji ana lashe ludayi. Na kuma ji labarin wani injin niƙa."

Ɗaki ya kwashe da dariya. Maigida ya sunkuyar da kai, ni kuwa na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na ja mayafi zan sulale, sai Inna ta kama bakin zanena.

"Zauna, 'yar nan. Can ƙasa har sunana na manta. Sai na ji ana ta kiran sunan wancan, ana ta kira. Na ce, wannan suna ai na san shi, ni na haifi mai shi. Shi na biyo na fito."

Dariya ta tsaya. Na yi kuka, na kunya da na daɗi a haɗe.

Daga ranar aka daina misali da ni, yaran gidan suka laƙaba mini "Mai Ludayi". Har yau ban san inda mutum yake zuwa ba in hayyacinsa ya tafi. Amma in na je dubiya aka ce mara lafiya ba ya ji, sai in durƙusa in gaishe shi da kyau, kuma ba na ko kallon kwanon kununsa.