Iyakar Gonakin Chinade

"Lafiya lau, sai dai ganinki da rana tsaka ba alheri ba ne," in ji Malam Bappa, yana gyara zama a zaurensa na Azare. "Tuwon gidanku ne ya ƙare?"

"Ni da na zo duba ko kana nan da rai," Zinatu ta ce, ta ajiye jakar kwamfuta a kan tabarma.

Jikarsa ce, karatun kwamfuta take yi, kuma ranar Litinin za ta miƙa tsarin aikinta na ƙarshe: rajistar iyakokin gonakin Chinade. Shekara arba'in ke nan, duk rigimar iyaka a can kakan nata ake ɗaukowa a babur ya nuna inda gamba ta tsaya. Ƙawayenta sun ce ta liƙa wa aikin bulokcen, malamai na son jin kalmar. Ita kuwa zuciyarta ta ƙi kwanciya.

"Tsoho, ritaya na zo yi maka. Bulokcen zai gaje ka."

"Ɗan gidan waye?"

"Rajista ce da ake ajiyewa a kwamfutoci da yawa. Abin da aka rubuta, ba mai iya gogewa shi kaɗai."

"To matata mai ilimi. Wa zai rubuta tun farko?"

"Mutum mana."

"In ya matsar da gamba taku uku da rani, sannan ya rubuta fa?"

"Haka za ta zauna."

"Ashe ƙarya za ki yi wa ginin siminti. Kuɗin makarantarki da akuya aka saya da su, da yanzu ta haihu."

"Kai da haƙori huɗu, me za ka yi da akuya?"

"Biyar ne, ki ƙirga da kyau. Mutanen nan ba takarda suke zargi ba, junansu suke zargi a bakin gona. In mai unguwa ya riƙe kwafi, masu gona suka riƙe nasu, wa ya rage da zai goge shi kaɗai?"

Gaskiyarsa ta ba ta haushi, don ta riga ta rubuta shafi tara.

"Shi ke nan, sai mu bar komai a cikin wannan tsohon kan naka."

Ya daɗe yana murza carbi.

"Ran Alhamis an kai ni rigimar iyaka tsakanin Maikuɗi da Abbas," ya ce a hankali. "Na tsaya gaban aduwar da ke kan iyakarsu, na rasa ta waye. Ni da aka dasa iyakar a gabana. Sai na ce rana ta yi zafi, a bari sai wani mako."

Tausayinsa ya kama ta, har da tsoro. Ta buɗe kwamfutar don kada ya ga idonta.

"Na cire bulokcen ɗin," ta ce. "Gobe zan bi ka gona gona. Kana faɗa ina ɗauka a waya, masu iyaka suna tsaye suna ji."

"A gan ni da mummuna a bayan babur?"

"A gan ni da tsoho dai."

Ya yi dariya, ya ciro malfarsa daga ƙusa ya miƙa mata.

"Riƙe, kada rana ta ƙara ɓata ki. Amma ki zo da sassafe, Zinatu. Da safe na fi tunawa."