Galan Ɗina da Ƙarshen Fim

Jama'a, ni da ba ni da mota, ba ni da babur, ko injin markaɗe ban mallaka ba, ni ne na wuni a layin gidan mai ranar Asabar, rungume da galan kamar wanda aka bai wa rainon jariri. Rana ta dake ni har inuwata ta gudu ta ɓuya ƙarƙashin ƙafata. Wani dattijo mai tasi da ke bayana ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Samari, kai kuma me za ka zuba wa? Takalmi?"

Na ce, "Soyayya zan zuba wa, Baba."

Bawan Allahn nan ya ja baya, ya bar tazara tsakaninmu har muka kai bakin famfo.

Ku yi haƙuri in warware muku. Ni mutum ne mai son kallo. Ban karanci harkar fim a ko'ina ba, ban san sunan ko waya ɗaya ta kyamara ba. Abin da na sani shi ne idan fim ya yi kyau nakan fito ina share ido ina cewa mura ce. Gidan kallo ɗaya gare mu a garin nan, kuma ya daɗe a mace, jemagu ne ke kallon junansu a ciki, har Allah ya kawo mana Mai Girma, Uban Nishaɗi, Shugaban Kwamitin Farfaɗo da Walwalar Jama'a, Allah ya ƙara wa almakashinsa kaifi. Shi ya sa aka shafe bangon gaba da fenti, bangon da ke kallon titi kaɗai, tunda sauran ukun ba su fitowa a hoto. Shi ya yi alkawarin wutar rana da ba ta ɗaukewa. Kafin ta iso, Kwamiti ya ajiye mana wani tsohon janareta mai tari, da awon fetur na kowane kallo, da doka guda: ba a sa kowane fim sai an fara nuna Tarihin Ayyukan Mai Girma.

To, fetur ɗin na fim ɗaya ne, Tarihin kuwa shi ke fara sha. Ku ƙarasa lissafin da kanku.

Shi ya sa duk wanda ya tambaye ni ra'ayina kan sababbin finafinan bana, nakan ce farkonsu na da kyau. Akwai na wata likita da ke neman ƙaninta da ya ɓace tun suna yara. Wallahi na yi kuka, musamman inda take ajiye masa kwano kullum a kan tebur ko da ba ya nan. Ta bi sawunsa har wani gida, ta ɗora hannu a kan ƙofa, ta tura, sai janareta ya yi tari ya mutu. Har yau likitar nan tana tsaye a bakin ƙofar nan a cikin kaina. Akwai kuma na wani soja da aka ba aikin kwance bam a ƙarƙashin gada. Hayaniya ta yi yawa a cikinsa, jarumin ma ya fi iya gudu a kan magana, amma sai da na ciji yatsa lokacin da ya ɗaga filaya zai yanke waya yana zufa. Nan wuta ta tafi. Ban sani ba ko gadar na nan. In akwai mai dangi a can, ya taimaka ya bincika mana.

Fim ɗaya ne na taɓa gani daga farko har ƙarshe, wato Tarihin nan, kuma na gan shi har na haddace. Adalci ya sa dole in yabe shi. A ganina babu jarumin da ya kai Mai Girma a bana. Dubi yadda yake riƙe almakashi! Dubi yadda yake yanka ƙyalle ya juyo ya yi murmushi, kamar shi ma ya yi mamakin alherinsa! Wurin da ya fi taɓa min zuciya shi ne inda ya murɗa famfon unguwarmu ruwa ya zubo. Mu da muke unguwar ba mu taɓa ganin wannan ruwa ba sai a majigi. Maƙwabcina tela, wanda ba ya iya barin abu mai kyau ya zauna lafiya, ya ce surukinsa ne ke bayan katanga da bokiti yana ɗura wa bututun.

Na ce, "Haba maigida, wannan ai hassada ce."

Ya ce, "Hassada? Har yau bayansa ciwo yake. Sau nawa aka sake ɗauka saboda hular Mai Girma ta karkace."

Haka ma faya-fayan wutar rana da ke ƙyalli a kan rufin gidan kallon. A cikin Tarihin suna nan reras. In ka fito waje ka ɗaga kai, tantabaru za ka gani. An ce aro aka yi, mai su ya zo ya kwashe kafin fentin ya bushe. Ni dai ban ga laifi ba. Ai ko a sauran finafinai aron kaya ake yi.

To yaya ake yi da ƙarshen labari? Nan Kawu Mai Na'ura ke shigowa, dattijon da ke haska fim tun kafin jemagu. Da zarar janareta ya mutu sai ya kunna tocila, ya taka zuwa gaban farin ƙyalle, ya gyara murya, ya faɗa mana da baki yadda aka ƙare. Matsalar ita ce tun da matarsa ta tattara kayanta ta bar shi, babu wanda ke tsira a bakin Kawu. Likita ta buɗe ƙofa ta tarar ƙanin ya rasu jiya. Soja ya yanke wayar da ba ita ba. Ko fim ɗin barkwanci ne, Kawu sai ya kifar da motar su duka. Wata rana na tare shi na ce, "Kawu, tsakani da Allah, ka taɓa ganin ƙarshen nan?"

Ya ce, "Da wane man? Ni ma inda kuka tsaya nan na tsaya. Amma yaro, na san duniya."

Yanzu mu zo kan galan. Akwai wata baiwar Allah da ke aiki a kantin maganin bakin titinmu. Ba zan siffanta ta ba, don in na fara shafin nan ba zai ishe ni ba. Ku dai sani cewa na sayi maganin tari a hannunta har ɗakina ya koma reshen kantin, alhali ko atishawa ba na yi. Kullum da jawabi nake zuwa, na tsara shi tun daga gida, na ƙawata shi da duk abin da na karanta a littattafai. Da ta ɗago ido ta ce "Me za a ba ka?" sai jawabin ya watse, in ji bakina yana cewa, "Na tari." Sai ga labari cewa ta samu gurbin karatun jinya a wani gari, farkon mako za ta tafi. In ban yi magana ba kafin nan, shi ke nan, sai dai in zauna da kwalabena.

Ana cikin haka aka kawo sabon fim, labarin wani mai gyaran agogo da ke son wata mai sayar da tikiti a tashar jirgin ƙasa, kullum yana zuwa tambayar lokacin jirgi alhali agogo cike da shagonsa. Jama'a, ni aka ɗauka ba a biya ni ba! Na kalle shi sau ɗaya, har inda aka ce za a mayar da ita wata tasha, ya rufe shago ya fita da gudu. Nan mai ya ƙare, Kawu ya sa jirgi ya bi ta kansa. Amma hoton da ke bango ya nuna su biyu suna dariya, don haka na san a can gaba ya yi magana. Sai dabara ta zo min. In gayyace ta, in kawo fetur ɗin da zai kai mu ƙarshe, idan mai agogo ya faɗi abin da ke ransa in juya in ce mata, "Ni ma haka." Iyakar jarumtakata ke nan, kuma ko ita sai da na gwada a gaban madubi.

Ta yarda za ta zo kallon yamma, amma da yayarta, wata mata mai kallon mutum kamar tana duba ranar lalacewarsa. Na miƙa wa Kawu galan ta ƙofar baya, na roƙe shi da girman furfurarsa. Ya jinjina shi ya ce, "Yau sai mun ga sunayen masu ɗaukar hoto." Muka zauna, Yaya a tsakiya kamar katanga. Aka yi Tarihi, ruwa ya zubo, muka yi tafin da aka saba.

Sai ga Ranka-ya-daɗe Sakataren Kwamiti ya shigo zagayen gani da ido, turarensa na gaba yana biye. Ya leƙa ɗakin janareta ya ga galan.

"Wannan fa? Wa ya ƙara muku kaso?"

Kawu ya ce, "Ranka ya daɗe, wani yaro ne ya kawo da kansa."

Sakatare ya dafa ƙirji. Ya fito gaban jama'a muryarsa na rawa. "Kun gani? Kun ga irin ƙaunar da talakawa ke yi wa Mai Girma? Matashi ya wuni a rana don kada ayyukan alheri su yanke! Ina yake? Tashi a gan ka!"

Na tashi. Aka tafa min. Yaya ta ce, ba tare da ta rage murya ba, "Au, ashe ɗan Kwamiti ne."

Sakatare ya ce, "Tunda mai ya wadata, Kawu, sa musu kashi na biyu."

Ban san akwai kashi na biyu ba. Akwai shi, kuma ga ra'ayina a kansa: ya fi na farko zurfi. A cikinsa Mai Girma na zaune a kujera mai laushi yana kallon kashi na ɗaya, yana gyaɗa kai. Wani lokaci ya nuna kansa da yatsa ya ce wa na kusa da shi wani abu, na kusa ya yi dariya har da riƙe ciki. Ina zaune ina jin janareta na zuƙar fetur ɗina, kowane gyaɗa kai da kurɓinsa. Sakatare kuwa ko zama bai yi ba, ya ce yana da wani taron.

Da aka zo kan fim ɗinmu, mai agogo ko rufe shagon bai kai ga yi ba. Yana neman makulli janareta ya yi tari, ya yi shiru. Duhu ya rufe ɗakin. Tocila ta kunnu, Kawu ya taka gaba ya gyara murya.

"To jama'a, ya fita da gudu. Yana tsallaka layin dogo, sai ga jirgin kaya..."

Ban san lokacin da na miƙe ba. "Ƙarya ne, Kawu! Wallahi bai mutu ba!"

"Kai ka gani?"

"Kai ma ai ba ka gani ba!"

Aka fara ihu. Wani daga baya ya ce, "A bar ɗan Kwamiti ya faɗi nasa, ai man sa ne!" Kawu ya kashe tocila cikin fushi ya ce to bismillah. Duhun nan shi ya cece ni, don ba na ganin idon kowa. Na ce ya isa lafiya. Na ce ya tsaya a gabanta yana haki, ya ce mata shi bai taɓa damuwa da lokacin jirgi ba, ita yake zuwa gani. Ya ce kullum da magana yake fitowa daga gida, idonta ke ƙwace masa ita. Ya ce in ta tafi bai san me zai yi da ranakunsa ba, bai kuma san me zai yi da kwalaben maganin tarin da suka cika masa ɗaki ba.

Sannan wani ya ce, "Maganin tari a tashar jirgi?" Dariya ta ɓarke har jemagun da suka rage suka tashi. Na nemi ƙasa ta tsage, amma simintin Kwamiti a nan ne kaɗai bai tsage ba.

Sai na ji muryarta daga can gefen Yaya, a hankali amma kowa ya ji. "Bai ƙarasa ba. Ita kuma ta ce masa ta daɗe da sani, don ba ta taɓa ganin mai tarin da ba ya tari ba. Ta ce jirgin da ke tafiya yana dawowa duk hutu. In da gaske yake, ya daina aiko mutanen fim, ya zo gida da bakinsa ya gaida yayarta."

Yaya ta ce, "Yayar na nan, ta kuma ji. Gobe da yamma. Ka zo da hankalinka, ka bar galan a gida."

Kawu ya kunna tocila ya haska fuskata, ya daɗe yana kallona. Ya ce, "Hm. A haka suke farawa." Amma na lura bai kashe kowa ba ranar, har ya riƙe mana ƙofa.

Na je, na gaida Yaya, na yi magana da bakina, ko da yake rabinta a ƙasa na zubar. An ce in ci gaba da zuwa. Saboda haka duk mai cewa Kwamiti bai taɓa yi wa talaka komai ba, ni zan ƙaryata shi. A duk ayyukan Mai Girma, duhun nan ne kaɗai na ga ya yi aiki, kuma ko ƙyalle ba a yanka masa ba.

Tela ya ce min jiya ana shirya kashi na uku, wai har da labarin matashin da ya wuni a layi saboda ƙaunar Mai Girma. An riga an samo wanda zai fito a matsayina, ɗan ƙanwar Sakatare, don an ce ni ban yi kama da mai godiya ba. Ban damu ba. Galan ɗin dai da suka tafi da shi don ɗaukar hoto na maƙwabciyarmu ne, kuma ita ba ta kallon fim, ni take kallo duk safiya.