Zuga-zugin Malam Idirisu

Ba zan taɓa mantawa da wannan yammacin ba, kuma ko na so in manta, 'yan unguwarmu ba za su bari ba. Gara in faɗa tun daga farko: wawa ɗaya ne a labarin nan, kuma ni ne. In wani ya ba ka labarin ya ce da sa hannun Shaiɗan a ciki, kada ka yarda. Shaiɗan yana can yana harkar gabansa, ni kaɗai na yi aikina.

Gyaran keke nake yi a Rusaifa, wata unguwa a nan Makka. 'Yar rumfa ce a gindin benen da muke haya, da famfo, da bokitin ruwan neman huji, da tsofaffin tayoyi a rataye. Yaran unguwa Muhandis suke kirana, wato injiniya, ni kuma ban taɓa hana su ba (aji uku na yi a firamare kafin a taho da ni Makka, amma fa aji ukun da, ba na yanzu ba). Babana maƙeri ne a Kano, a gindin zuga-zuginsa na tashi. Shi ya sa duk wani abu mai fata da iska nake ganin ni ne limaminsa.

Wata rana da hantsi ina zaune ina gardama da rediyo, sai ga wani dogon dattijon Bature cikin harami, tsakiyar kansa ta yi jawur saboda rana, yana tura keke mai jakunkuna gaba da baya kamar jakin fatake. Ƙafar baya ta karkace. Ina cikin harhaɗa Larabcin da zan tare shi da shi, sai ya riga ni.

"Salamu alaikum, Alhaji. Sannu da aiki. Ko za a duba mini ƙafar nan?"

Saura kaɗan sifana ya faɗo mini a yatsa. Ashe sunansa Malam Idirisu. Ya yi koyarwa a Zariya yana saurayi, a can ya musulunta, a can ya koyi Hausa irin ta Zazzagawa (wannan kam Allah ya yafe masa). Da ya yi ritaya, maimakon ya nemi kujera ya zauna kamar mutanen kirki, sai ya hau keke ya shiga ƙasashen mutane, wai yawon nan shi ne nishaɗinsa. Ya ratsa Turkiyya, ya ratsa Urdun, ya sauka Madina, daga can ya ɗaura harami ya gangaro. Na tambaye shi ko jirage ne suka ƙare a ƙasarsu. Ya ce a jirgi ba ka jin ƙanshin burodin ƙauye, kuma ba wanda zai tsayar da kai ya ba ka ruwa.

Sauri yake ya je ya yi umara ya sauke haramin, kuma yana so ya ɗan kwana biyu kusa da Ɗakin Allah. Na ce ya bar keken da kayan a wurina, baƙon Allah ba ya rasa ma'ajiya a garin nan. Sai ya zaro wani ɗan akwati mai kusurwa shida daga jakar gaba, ya miƙo mini da hannu biyu kamar jariri.

"Wannan na babana ne. Duk inda na je da shi nake zuwa. Don Allah a kiyaye mini shi daga rana da zafi."

Na dafa kaina na ce masa amana ce, ya tafi hankali kwance.

Matata, Hajiya Rabi, ta ce in ɗora akwatin a saman kabad in manta da shi. Ta san halin mijinta. Na ɗora, kuma na manta da shi har washegari. Sai kuma na ga ya kamata in duba ko kyankyasai sun shiga, domin amana ba a yi mata sakaci.

Da na buɗe, sai ga wani abu baƙi, katako gefe da gefe, fata mai ninki-ninki a tsakiya, da maɗaurin zura hannu, da 'yan maɓallai a jere. Maɓallan ban taɓa su ba, jikokina sun riga sun hore ni a kan rimot: abin da ba ka sani ba kada ka danna. Na ja, ya ƙi jawuwa. Can babban yatsana ya sauka a kan wani maɓalli guda da yake ware shi kaɗai, sai abin ya buɗe, na matsa, iska ta fito fuuu.

Na yi kabbara. Zuga-zugi! Nan take ilimina ya haɗa komai. Mutumin da yake kwana a daji dole ya hura wutar girki. Na babansa ne, ashe shi ma ɗan maƙeri ne ɗan'uwana. A kiyaye shi daga rana kuwa, ai haka babana yake cewa, don kada fata ta bushe ta tsage. Sauran maɓallan na ƙara ƙarfin iska ne, ka san Bature ba ya yin abu ba maɓalli. Na yi wa Hajiya wannan bayani tiryan-tiryan. Ta saurara har na gama, sannan ta ce in mayar da kayan mutane inda na ɗauko.

A makon ne maƙwabcinmu Alhaji Mamman ya rasu, mutumin Damagaram, abokin tsokanata tun muna da baƙin gashi. Kamar yadda ake yi a nan, aka jera kujeru a kan layi aka ja fitilu, daga magariba zuwa isha'i 'ya'yansa suna zaune a sahu ɗaya, jama'a suna zuwa suna dafa kafaɗunsu suna samun wuri suna zama shiru. Dattawan Nijar da suka zo gaisuwa ba sa shan shayin gas, sai na gawayi, aka ce ni zan dafa. To gawayin da aka kawo ban san inda ya kwana ba. Na yi fifita har kafaɗata ta sage, hayaƙi kawai yake yi. Dattawa suna kallona, ina jin ana cewa Muhandis guda ya kasa hura wuta. Hajiya kuwa tana cikin gidan makoki wajen mata, ba mai tsare ni.

Na haye sama na sauko da akwatin.

Na durƙusa a gaban murhun gawayin na ce wa dattawan su matso su ga yadda Turawa suke hura wuta. Na saita, na danna maɓallina, fuuu, fuuu. Kuma wallahi gawayin ya fara ja, wannan ko a gaban alƙali zan maimaita. Wani tsoho ya ce ikon Allah. Daɗi ya kwashe ni. Na tuna maƙerar babana, na tuna yadda nake zuga har tartsatsi ya tashi, sai na damƙi abin nan da yatsuna goma na matse shi da ƙarfin ɗan maƙeri.

Ka taɓa jin jaki da motar asibiti sun haɗa baki? To daidai lokacin mai karatu ya sauke, layin ya yi tsit, ko tari babu. Na firgita na fizgo hannuwana baya, sai ya sake wani kukan da ya fi na farko tsini. Duk wanda yake kan kujera ya juyo. Liman ya miƙe tsaye. Wani Balarabe maƙwabcinmu ya tambaye ni da Larabci ko lafiya. Ni kuma na saki abin kamar na riƙe maciji, ya faɗa gefen murhu. Kafin in wawuro shi, ƙaurin fata ya tashi.

A cikin shirun nan na ji tsohon da ya ce ikon Allah ɗazu yana cewa na kusa da shi, Mamman dai bai bar wasiyyar a kawo masa makaɗi ba. Na saci kallon 'ya'yan mamacin, na ga sun sunkuyar da kai sun ja mayafan kansu irin na mazan Larabawa sun rufe fuska, kafaɗunsu suna rawa. Na ce shi ke nan, na ƙara musu kuka a kan kuka.

Kunyar jama'a da ciwo, amma ba ita ta hana ni cin tuwo ba. Huji ne ya fito a ninki ɗaya, kamar kan babban yatsa. Mutum ya ratso ƙasashe da abin babansa lafiya lau, ya miƙa mini da hannu biyu, abu ɗaya ya roƙa, a kiyaye shi daga zafi, ni kuma na kai shi bakin wuta da ƙafata.

Da safe na ɗauko faci da solushan na keke, na ce huji ai huji ne. Hajiya ta buge mini hannu. Ita 'yar dukawan Sakkwato ce, a cikin fata ta girma. Ta buɗe akwatinta ta ɗauko wata jar jakar fata da mahaifiyarta ta ba ta ranar da za ta baro gida, wadda ko jikokinta ba ta bari su taɓa. Ta yanko harshen ciki, ta zauna tana kankare shi da reza har ya yi laushi kamar ganye, ta jiƙa ƙaro ta liƙe hujin, ta bi ninkin da farce. Ni kuwa ina tsaye a kanta, na fi son a ce zagina ta yi. Da ya bushe sai ga jan tabo a kan baƙar fata, ana hango shi daga bakin ƙofa. Na kawo shawarar a goga masa baƙin man takalmi. Ta ce wanda ya ƙona shi zai buɗe baki ya faɗa.

Ban ma samu ladan faɗar ba. Malam Idirisu ya dawo da aski ƙwal, ya tsaya sayen ruwa a kantin bakin layi, mai kanti ya ba shi labarin har da kwaikwayon kukan. Ya shigo ɗakina ba wannan fara'ar tasa. Na faɗi abin da na yi, ban rage komai ba sai zancen kyankyasai. Ya buɗe akwatin, ya daɗe yana shafa jan tabon da yatsa. Ya ce babansa ba maƙeri ba ne, mai haƙar kwal ne a ƙarƙashin ƙasa, in ya fito da yamma ya yi wanka sai ya zauna a bakin ƙofa ya kaɗa musu wannan. Sunan abin konsatina. Shi kaɗai ya rage masa na tsohon. A hanya kuma, in ya sauka ƙauyen da ba ya jin yarensu, shi yake yi masa magana. Bai faɗa mini ba ne don yana jin nauyin a ce ya shigo Makka da kayan kiɗa.

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ya ce a rufe ƙofa da taga, tunda ana makoki a maƙwabta. Ya kara abin a kunnensa ya matsa a hankali yana sauraron ko iska tana zurarewa. Ni ma na riƙe numfashina, kai ka ce ta huhuna za ta zurare. Shiru. Sai ya zura hannuwansa ya fara kaɗawa ƙasa-ƙasa. Jama'a, abin nan da ya yi mini kukan jaki, a hannun mai shi sai ya koma kamar mutum yana rarrashin ɗansa. Na ga labulen ɗakin Hajiya ya daina motsi. Idon Malam Idirisu ya kawo ruwa, ya goge, sai kuma dariya ta ƙwace masa.

"Alhaji, na tsallake da shi ruwan sama, da 'yan kwastan, da ɓarayi. Ban taɓa kawo maƙeri a lissafi ba."

Ya yi wa Hajiya godiya ta bayan labule har ta ce ya isa haka. Na sake tayar da zancen man takalmi, ya ce kada wanda ya taɓa jan nan. Duk inda aka tambaye shi, zai ce yana da 'yan'uwa a Makka, ɗaya ya ƙona ɗaya ta ɗinke.

Da la'asar na tattara sauran mutuncina na je ba wa babban ɗan Alhaji Mamman haƙuri. Ya rungume ni yana cewa Baba ka bari. Ashe ba kuka suke yi ba rannan. Ya ce tun da mahaifinsu ya rasu mahaifiyarsu ba ta sa komai a bakinta ba, sai da mata suka kwatanta mata yadda na yi tsalle na bar murhu, ta yi dariya har ta nemi a ba ta kunu. Ya ce da tsohon yana nan, da sai ya shekara yana ja na da wannan. Na ce ai ya bar wakilai, unguwa guda.

Na miƙe wa Malam Idirisu ƙafar kekensa, na yi mata aikin da ban taɓa yi wa keken kowa ba. Ya ɗaure jakunkunansa, akwatin a ta gaba, ya nufi hanyar Jidda yana ɗaga mana hannu. Har yau in na tuna ina gode wa Allah da ya haɗa wautata da mutane masu haƙuri, domin da wasu ne, da yanzu a wata unguwar nake gyaran keke. Na kuma koyi cewa in an ba ka amana a rufe, ka bar ta a rufe, ko da kai ne Muhandis na Rusaifa gaba ɗaya.

Sai dai ka san tsoho da kare kai. Kwanan baya muna shan shayi, na ce wa Hajiya in za a bi gaskiya ban yi kuskure duka ba, abin nan iska yake fitarwa, kuma kowa ya shaida wutar ta kama. Ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Kai ma tun da na aure ka iska kake fitarwa, Malam. Na taɓa kai ka bakin wuta?"